Sharhi: Ina yaranmu suke tsakanin la'asar da isha'i?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya zaga Bagalam, Mokoyo ko Ɗan Gulbi a nan Maraɗi da yamma ya san abin da zan faɗa. An tashi daga lakwal, an kulle azuzuwa, mai gadi ya sa makulli aljihu. Ɗan mai hali ya koma gida, mushe, wato malamin boko, yana jiransa da allo da alli, ana biyansa ƙarshen wata. Ɗan talaka kuwa ya jefar da jaka ya nufi fada, wato majalisar shayi ta samari, ko tasha, ko wajen wankin babur. Ƙanwarsa ta ɗauki faranti ta fita talla. Watan jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare na zuwa, takarda ɗaya za a ba su duka, a ce wai wannan ya fi wancan ƙwaƙwalwa.

Ni ba na cikin masu zagin fada. A can ake haɗa kuɗin biki da na asibiti, a can ake koyon zama da mutane. Sai dai inda shayi ya daɗe bisa gawayi babu babba kusa, nan mai sayar da ƙwayar tiramol yake samun kasuwa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ƙasar da take haka ba ta da ikon barin yamma ta tafi a banza.

Dattawanmu sun ga Samariya, ƙungiyar matasa ta ƙasa, a zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987. Kowace unguwa da sarkin samarinta, ana wasan kwaikwayo, ana ƙwallo, ana gayyar share gari da gina azuzuwa. Gaskiya ne an yi amfani da ita wajen tara jama'a su tafa wa mai mulki, kuma wannan ɓangaren ba mu kewarsa. Amma ta tabbatar da cewa idan hukuma ta sa hannu, yaron da ubansa ba shi da ko dala yana samun wurin zuwa da wanda zai tambayi inda ya shiga. Kokawa ma haka ta tashi: da aka tsara gasar takobi ta ƙasa a 1975, wasan fagen ƙauye ya zama abin alfahari, har filin kokawar garin nan yake ɗauke da sunan shahararren ɗan kokawa Kantu.

To me muke roƙo yau? Ba sabon gini ba. Azuzuwan suna nan. A buɗe biyu ko uku a kowace unguwa, a sa musu fitila mai aiki da hasken rana, yaranmu su daina karatu ƙarƙashin fitilar titi sauro yana cizonsu. Masu koyarwa ma suna nan: ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da yawansu neman na sabulu suke. Ma'aikatar magajin gari ta ba su ƴan jikkuna a wata, amma a biya kan lokaci, don mun san yadda jiran albashi ya sha korar malaman kwantaragi daga aji.

Sai lokaci. A zauna da malaman allo da na islamiyya kafin a tsai da shi, domin shirin da ya yi karo da karatun Alƙur'ani a Maraɗi ya mutu tun ba a haife shi ba. A zauna da uwaye mata kuma. Uwar da tallar ƴarta ce cefanen dare ba za ta sake ta don jawabi ba, sai ta ga yarinyar tana koyon ɗinki ko lissafin da zai amfane ta, kuma tana dawowa gida kafin duhu.

Abin da muke tsoro mun saba ganinsa: rumfuna, kujeru, riguna masu tambari, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, wata uku a koma ga kwaɗo a ƙofa. Mu dai a wannan gidan rediyo, duk unguwar da aka buɗe aji, za mu koma can bayan damina mu ƙirga yaran da ke zaune ciki.

Sai an jima, a ci gaba da kasancewa tare da mu.