Hirar bayan isha'i: Kawu ya yi wa tsohon raket ɗinsa kishiya

AUTA: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jidda. Ni ne Auta, ga Yaya, ga Kawu. Yau Kawu ya shigo da wata doguwar jaka, ya ƙi ajiye ta a ƙasa, kujera guda ya ba ta.

YAYA: Ni ma da na zo zama cewa ya yi in nemi wani wurin.

KAWU: To ai amarya ce a ciki. Shekara goma sha ɗaya ina buga tanis da raket ɗaya, sai makon jiya na yi wa uwargida kishiya. Kusan riyal dubu ta ci mini.

AUTA: Wane kamfani ne, Kawu?

KAWU: Sun biya mu kuɗin talla ne? Bar sunan. Abin da zan faɗa shi ne nauyinta giram 300 kafin a ɗaura tsirkiya, faɗin kanta kuma murabba'in inci 100. Uwargida giram 340 ce, kanta murabba'in inci 95.

YAYA: Giram 40 kawai? Ko ƙwai ɗaya bai kai ba.

KAWU: Haka na ce a shago. Ki ɗaga giram 40 ɗin nan sau ɗari uku a dare ɗaya, kafaɗarki za ta ba ki labari. Federer da 340 yake bugawa, shi ya sa na nace, na manta shi ko furfura bai fara ba a lokacin.

AUTA: To mu je filin. Ni ne shaida, don ni na tsaya a ɗaya gefen. Kawu, ku faɗa wa jama'a inda ƙwallon farko ya sauka.

KAWU: Ɗan nan ba ka da sirri. A waya ya sauka, wayar da ta kewaye filin, ko ƙasa bai taɓa ba. Na biyu ma haka. Na uku kuwa filin maƙwabta ya tafi, wasu 'yan Filifin suna tsakiyar wasansu, sai ga baƙo.

YAYA: Amma amarya ba ta laifi, ko ta kashe ɗan masu gida.

KAWU: Wallahi ba laifinta ba ne, hannuna ne. Kin ga uwargida tsirkiyarta a matse take, layi 18 a tsaye, 20 a kwance. Ƙwallo na barinta sai ya tafi ƙasa-ƙasa, ya shafi raga ya wuce. Amarya kuwa 16 da 19 ce, ramukan sun fi faɗi, ƙwallo ya fi nutsewa, sai ya tashi sama. An yi ta ne don mai sharar ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, ya sa shi juyawa har ya faɗo cikin layi da kansa. Ni kuma bugun da nake yi, miƙaƙƙe, kamar mai mari.

AUTA: Irin na Nadal ke nan take so.

KAWU: Shi fa. Raket ɗin kamfanin Babolat da ya shahara da shi ma 16 da 19 ne. Kuma ba itacen kaɗai ba ne, af, na ce itace, yanzu ai ba a yi da itace. Tsirkiyar ce babba. Tun da Kuerten ɗan Brazil ya ci gasar Faransa a 1997 da tsirkiyar roba mai tauri ta Luxilon, wasan ya canja. Ita takan zame ta dawo wurinta da ƙarfi, sai ta murɗa ƙwallon. Kafin nan manya da hanjin saniya suke bugawa.

YAYA: Hanjin me?

KAWU: Saniya, yarinyar nan. Babolat tun 1875 suka fara yin tsirkiyar hanji a birnin Lyon, har gobe ana sayarwa, kuma ita ce mafi tsada.

YAYA: Ashe abin da muke zubawa a farfesun kayan ciki...

AUTA: Yaya don Allah kar ki ɓata mana farfesu. Kawu, ni abin da na lura, bayan kamar minti ashirin sai sabis ɗinku, wato bugun fara wasa, ya fara ba ni wahala.

KAWU: Nan ne na ji daɗin kuɗina. Da uwargida, in na yi sabis goma sai in ji kamar an ɗora mini buhun shinkafa. Wannan kuwa hannu na tashi kanta ya riga ya wuce. Ko ƙwallo bai sami cibiyar ba, ya ɗan kauce gefe, yana haye raga. Ƙarar ma daban ce, "fau" take yi, ba "ƙum" ɗin da kunnena ya saba ba, har na ɗaura mata robar ɗaure kuɗi don ta rage tsiwa. Amma da na matso gaban raga ka narko mini da ƙarfi, sai na ji ta juya a hannuna kamar ludayi. Uwargida ba ta taɓa yi mini haka ba, nauyinta kaɗai ya isa ya tare.

YAYA: Shi ya sa washegari na gan ku kuna ɗaukar kofin shayi da hagu?

KAWU: Wannan kuma gangancina ne. Mariƙin lamba 3 nake riƙewa, a shago babu sai 2, zumuɗi ya hana ni jira. Ƙa'idar ita ce in ka riƙe, ɗan alin ɗaya hannun ya shiga tsakanin yatsunka da tudun tafinka. Nawa bai shiga ba. Ga kuma zafin Jidda, kun san shi, ba irin na Riyad ba ne mai busar da mutum. Ƙarfe goma na dare amma gumi har gwiwar hannu. Mariƙi ya yi santsi, ni kuma na dinga matsewa don kar ya kufce. Da asuba da ƙyar na murɗa famfo in yi alwala.

AUTA: Yanzu fa?

KAWU: Na naɗa masa tef biyu ya yi kauri. Mai ɗaurin ya ja mini tsirkiyar da ƙarfin kilo 24, na ce nan gaba ya sassauta ko ya haɗa da mai laushi, don mai taurin nan ba ta tausayin gwiwar dattijo. Kuma na daina barin jaka a but ɗin mota. Uwargida bazara biyu ta yi a can, tsirkiyarta ta saki ban sani ba, ina ta zargin tsufana.

YAYA: Ni dai da na kalli Coco Gauff ta ɗauki kofin WTA, gasar ƙarshen shekara ta tanis ɗin mata, a Riyad a 2024, na ga 'yan wasan suna zaro wani raket daga jaka a tsakiyar wasa, na ɗauka iyayi ne.

KAWU: Tsirkiya suke gudu, tana saki cikin sa'o'i kaɗan. Su da Sinner ɗan Italiya ya kwashi dala miliyan 6 a Riyad a 2024 ɗin, me zai hana su? Mu sai ta tsinke.

AUTA: To hukunci, Kawu. Amarya ko uwargida?

KAWU: Dare biyu kacal ka ce in yanke hukunci? Ran Alhamis bayan isha'i ka zo filin, ka taho da sabon gwangwanin ƙwallo, ba waɗancan masu sanƙon ba.

AUTA: Tunda uwargida ta zama 'yar zaman jaka, ai sai a ba ni ita.

KAWU: Ko aro ba ka samu. Yaya, kashe na'urar nan kafin ya roƙi takalmin ma.