Yaushe tabilet ɗinka ke buƙatar mizajur?

Salamu alaikum ƴan uwa. Kowa ya jawo tabilet ɗinsa kusa, don abin da za mu duba yau yana cikinta, ba sai an je wurin mai gyara ba.

Yawancinmu nan Maradi sai tabilet ta fara nauyi sannan mu tuna da mizajur, wato sabunta manhajar da ke tafiyar da tabilet ɗin. To nauyi kaɗai ba shaida ba ne. Sau da yawa wurin ajiya ne ya cika da bidiyon biki da saƙonnin murya na gurup. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce Play Store ya ƙi ba ka manhajar da maƙwabcinka ya sauke lafiya lau, ko manhajar da ka saba da ita ta riƙa rufe kanta. WhatsApp ma tun Oktoba 2023 ya bar aiki a kan duk Android da bai kai 5 ba.

Amma kar ka jira sai an kai nan. Shiga Paramètres, ka gangara can ƙasa zuwa À propos de la tablette. In Samsung ce, ka ƙara taɓa Informations sur le logiciel. Za ka ga lambar Android, sannan ka ga wani layi na tsaro mai ɗauke da rana da wata da shekara, wato kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta samu. Wannan kwanan watan nake so ka riƙe, ya fi lambar Android ɗin muhimmanci.

Ga dalili. A 2015 an gano wata ɓaraka a cikin Android da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta sa saƙon bidiyo na MMS kaɗai zai iya buɗe wa ɓarawo ƙofa, ko mai na'urar bai taɓa komai ba. Tun daga shekarar Google ke fitar da gyaran tsaro kowane wata. Kamfanin da ya ƙera tabilet ɗin shi ke isar da gyaran gare ka, wani duk wata, wani sai bayan wata uku ko fiye. Don haka in ka ga ƴan watanni ne suka wuce, ba abin tashin hankali. In an haura shekara, lokaci ya yi. Balle kai ɗan kasuwa da ke tura kuɗi da ita, ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da duk karatunsa ke ciki.

Wurin neman mizajur shi ne Paramètres ɗin nan, a Mise à jour du logiciel, ko cikin Système. Masu iPad kuma Réglages, Général, Mise à jour logicielle. Daga nan kawai mizajur na gaskiya ke zuwa. Ina roƙonku, ƴan uwa, ku ji wannan da kyau: in kana cikin intanet wani shafi ya faɗo da jan rubutu yana cewa tabilet ɗinka ta kamu da cuta, ka taɓa nan, wallahi tarko ne. Rufe shi. Haka fayil ɗin da wani ya turo a gurup da sunan mizajur.

Kafin ka fara, caji ya wuce rabi, kar kuran ya ɗauke tana tsakar aiki ta mutu. Ka nemi Wi-Fi, don babban mizajur na iya cinye fiye da jiga guda, forfe ɗinka ya tafi. Ka kwafe hotuna da takardu wani wuri, ka aje ta a inuwa, musamman da zafin watan Afrilu. In ta ɗauke ta kunna kanta, ƙyale ta ta gama.

Saura matsala guda. Wata tabilet za ta ce maka komai na zamani ne, alhali kwanan watan tsaronta na 2020 ne. Ma'anarsa kamfanin ya daina aiko mata gyara. Irin wannan a bar wa yara su yi karatun Alƙur'ani da na lakwal, a cire mata harkar kuɗi. In kuma okaziyo za ka saya a babbar kasuwa, ka ce wa mai shago, Alhaji ba ni in duba, ka buɗe layin nan ka karanta shekarar kafin ku yi ciniki.