Inda teku ya yi lamo, nan yake ja

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da Daura, da duk wanda ke kallonmu daga nesa.

Yanzu tafiya ta yawaita. Ɗalibanmu suna Malesiya, ango da amarya na zuwa Zanzibar ko Morishus, ɗan kasuwa kuma in harka ta kai shi Legas ko Kwatano yakan leƙa bakin teku a ɗauki hoto. Ruwan da muka sani a gida shi ne dam ɗin Jibiya, ko Zobe, ko Sabke, ko kududdufin bayan gari, kuma duk ruwa ne zaunanne. Wanda ya koyi iyo a nan ya tashi da sanin cewa inda ruwa ya kwanta can ake shiga, in ka gaji kuma sai ka juya ka nufi inda ka fito. A bakin teku waɗannan abubuwa biyu suna iya halaka mutum.

Ku dubi wannan hoton da aka ɗauka daga sama. Dama da hagu igiyar ruwa tana fashewa, fari fat da kumfa. A tsakiya ga wani zirin wuri mai duhu, ya yi lamo, ba kumfa ba hayaniya. Da Malam ne ya zo da iyali, nan zai nuna wa yara ya ce su shiga, tunda nan ne ba tashin hankali. To nan ne ruwa mai ja yake.

Ga yadda abin yake faruwa. Kowace igiya ta fashe, tana zubo ruwa ne a gaɓa, ta bayanta ta ƙaro, ta bayanta ma ta ƙaro. Ruwan da ya taru dole ya koma, amma a gabansa akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, ko kuma, a tsibiran ƙasashe masu zafi, katangar duwatsun murjani da ta kewaye tsibirin. Sai ya bi gefe yana neman kafa. Inda ya sami giɓi sai ya taru gaba ɗaya ya kwarara waje, kamar yadda ruwan unguwa guda ke haɗuwa a bakin kwalbati ɗaya in an yi mamako a watan Agusta. Wurin ya fi zurfi, shi ya sa igiya ba ta fashewa a kansa, shi ya sa kuma yake da duhu.

Yawanci gudunsa bai wuce rabin mita a daƙiƙa ɗaya ba, amma an auna wanda ya kai mita 2 da rabi. Gwanin iyo na gasar Olamfik ma bai kai haka ba. A Amurka, inda ake bin lissafin abin, ƙungiyar masu ceto a bakin teku ta ƙiyasta cewa yana cin fiye da mutum 100 a shekara, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake cetowa a gaɓar da igiya ke fashewa shi ne ya ja su.

A gida in ruwa ya ci mutum sai ka ji an ce 'yan ruwa ne suka janye shi ƙasa. Wannan ruwan ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi, nesa da gaɓa. Abin da ke nutsar da mutum tsoro ne da gajiya. Ya ga gaɓa tana nisa, ya ruɗe, ya dage sai ya koma ta inda ya fito, ya yi ta kokawa da ruwan har hannu ya mutu, numfashi ya ƙare.

Lokaci ma yana da tasiri. A Zanzibar, musamman gabas wajen Paje da Jambiani, teku yakan janye ya bar fili mai nisa, mutane su taka har kusa da murjani. Sa'ad da yake janyewa, ruwan da ke cikin katangar ta giɓin nan yake fita, da ƙarfi. Cikar teku da janyewarsa sun fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da wajen daren 14, kuma lissafin wata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Akwai kuma kakar iska. A Fuket ta Tailan, daga Mayu zuwa Oktoba gaɓar yamma takan yi muni. Kada kyawun gari ya ruɗe ku, domin guguwar da aka yi a tsakiyar teku, dubban kilomita daga wurin, tana iya turo manyan igiyoyi alhali rana na haske, ba ko gajimare.

Saboda haka kafin ka sa ƙafa, hau wuri mai ɗan tudu ka tsaya ka yi kallo na 'yan mintoci. Duba ko akwai inda kumfa, ko ciyawar ruwa, ko ruwa mai launin yashi ke tafiya waje maimakon zuwa gaɓa. Tambayi masunta ko masu ceto. Jar tuta tana nufin ba shiga. A wurare da yawa ana kafa tutoci masu ja da rawaya, tsakaninsu ne ake sa wa ido. Hajiya, ke da za ki shiga da abaya ko dogon hijabi, ki sani tufa in ta sha ruwa tana naɗe ƙafa, don haka ki tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, yaro kuma yana hannunki.

In kuwa ya riga ya ɗauke ka, kada ka yi faɗa da shi. Kwanta rigingine, ka bar jiki ya taso, ka riƙa numfashi. Sau da yawa faɗinsa bai wuce mita 25 ba, kuma ƙarfinsa yana raguwa bayan an wuce inda igiyoyi ke fashewa. In kana da ƙarfi, yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa, har ka ji ya sake ka, sannan ka bi igiyar da ke fashewa ta turo ka tudu. In ƙarfi ya ƙare, ɗaga hannu ɗaya ka yi ta kira.

Ku da ke gaɓa, a nan ne zuciya take cin mutum. Uba ya ga ɗansa yana nisa, ya faɗa ruwa haka nan, sai a rasa su biyu. Ku yi ihu ku kira masu ceto, ku jefa masa abin da ke tasowa a ruwa, ko jarka ce mai murfi, ko kular abinci, ko ƙwallo, kuna yi masa nuni da hannu ya bi gefe. In an fito da shi yana tari ko numfashinsa na sarƙewa, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin ruwan da ya shaƙa yana iya taɓa huhu bayan 'yan sa'o'i.