Kilo biyar a mako ɗaya: me ya zube a Fuket?

[Safiyar Asabar, bakin tafkin Jabi. Masu sassarfa, masu tsallen igiya.]

Tun makon jiya kuke turo mana hoto iri ɗaya. Mutum ya hau sikeli ranar da ya sauka sansanin horon dambe a tsibirin Fuket na ƙasar Tailan, ya sake hawa bayan kwana bakwai, kilo biyar sun tafi. A ƙasa ya rubuta wai abin da Jabi ta kasa yi masa a shekara biyu ke nan. Tambayarku ɗaya ce: gaskiya ne, ko haɗi ne?

Gaskiya ne, sikeli bai yi ƙarya ba. Amma ku biyo ni mu ga abin da ya tafi.

[Filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Akwatuna, layin fasfo.]

Tafiyar kanta ba za ta ci mana lokaci ba. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, da katin rigakafin shawara, da takardar tantancewa ta hukumar NDLEA. Babu jirgin da ke tashi daga Abuja ya dire Bankok kai tsaye, sai an ya da zango a Addis Ababa ko Doha. Agogonsu ya riga namu da awa 6, wato sa'ad da ake buga maka ƙofa ƙarfe bakwai na safe, jikinka ƙarfe ɗayan dare yake gani. A tsibirin Fuket akwai Musulmi da yawa, masallaci da abincin halal ba sa wuya.

[Zoben dambe. Ƙarar duka a jikin buhu.]

Wannan shi ne Muay Thai, damben ƙasar. Namu ɗan damben hannu ɗaya yake ɗaurewa, su kuwa har gwiwa da gwiwar hannu duk makami ne. Horo sau biyu a rana, safe da yamma, kwana shida, Lahadi a huta.

To, Malam mai haɗa hoto, tsayar mana a kan sikelin nan. Nan za mu daɗe.

[Allo fari, alƙaluma suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.]

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da jiki ke ƙonawa, kusan 7,700. Kilo biyar ke nan 38,500. Raba shi gida bakwai, kowace rana sai jiki ya ƙona 5,500 fiye da abin da aka ci. Matsakaicin namiji yana ƙona wajen 2,500 a yini. Mu yi masa alheri, mu ce horon ya ƙara masa 2,000. An tashi 4,500. Kun gani? Ko da bai sa ko ƙwayar shinkafa a baki ba har tsawon makon, lissafin bai kai ba. Kuma ai yana ci, mun ga farantin a bidiyonsa. In an yi da gaske, kitsen da zai narke a mako kilo ɗaya ne zuwa biyu.

Sauran fa?

[Ledojin fiya wata a kan teburi. Hannu yana ɗauke su ɗaya-ɗaya.]

Jiki yana da rumbun sukari a cikin hanta da tsoka, likitoci na kiransa gilaikojin. Bai fi rabin kilo ba, amma kowane giram ɗinsa yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da ka fara horo mai tsanani, aka kuma rage maka shinkafa da burodi, wannan rumbun ake fara buɗewa. Sukarin ya ƙone, ruwan ya bi fitsari. Wajen kilo biyu ke nan. Ledar fiya wata rabin lita ce, nauyinta rabin kilo. Ɗauke huɗu.

Sai gumi. A zafi mai danshi irin na Fuket, awa ɗaya ta horo tana iya fitar da lita ɗaya ko biyu. Sai gishiri: ka bar kilishi da yajin tsire da miyar da aka zuba wa dunƙule biyar, jiki ya saki ruwan da gishirin ya tare. Ƙara ɗauke biyu.

Ai mun san wannan a gida. Makon farko na azumi wando ya fara zamewa, kowa na murna. Kwana uku bayan Sallah, an ci tuwo an ci cincin, tazuge ya koma inda yake. Wani abokina ya dawo daga irin wannan sansani ranar Alhamis, ranar Litinin sikeli ya mayar masa da kilo uku, ya rantse masar da Hajiyarsa ta yi masa ce. Allah sarki masa, an ɗora mata laifin da ba nata ba.

Akwai kuma wanda nasa sikelin bai motsa ba sam, har ya ga kamar an cuce shi. Tsokar da ta sha wuya tana kumbura ta riƙe ruwa kafin ta warke.

[Mutum sanye da rigar leda yana gudu cikin rana.]

Wannan kam ban yarda da shi ba. Masu farautar lambar sikeli sukan rage shan ruwa, su sa rigar leda don gumi ya ƙaru. Jikin da ya saba da kujerar ofis a Garki, ka jefa shi horon awa huɗu ba ruwa, tsoka tana iya farfashewa, abin da ke cikinta ya zuba a jini ya toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma launin baƙin shayi, ga kumburi da ciwon da ya wuce gajiya. In ka ga haka, asibiti za ka nufa a ranar.

[Jabi kuma. Rana ta ɗaga.]

Ni da ina da kuɗin, zan je, don koyon damben da kuma makonnin da ba mai kirana taro. Amma sai na yi wata ɗaya ko biyu ina zagaya tafkin nan tukuna.

In kana son sanin abin da ka sayo da kuɗinka, auna kanka a gida kafin ka tafi, da safe, kafin karin kumallo. Bayan ka dawo, bari mako biyu su wuce kana cin abincinka na kullum, sannan ka hau sikeli ɗin dai, a lokaci ɗin dai. Ka kuma zagaya cibiya da tef ɗin tela. Wannan hoton za ka turo mana.