Jawabin Maraba ga Tsohon Janar na Sojan Saman Jamus a Kaduna

Assalamu alaikum. Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe, manyan hafsoshi, da 'yan'uwana tsofaffin matuƙa da makanikan jiragen soja.

A madadin dukkanmu ina yi maka barka da zuwa da sannu da hanya. Gida ka zo, domin a 1963 hafsoshin Jamus ta Yamma suka iso ƙasar nan suka aza tubalin rundunar sojan samanmu, kuma Kanar Gerhard Kahtz ne ya fara shugabantarta kafin Kanar Wolfgang Thimmig ya gaje shi. Amma akwai wata ta'aziyya da ta daɗe a wuyanmu, yau kuwa Allah ya kawo wanda za mu sauke ta a gabansa.

Shekara guda kafin malaman nan su zo mana, ranar 19 ga Yuni, 1962, jiragen yaƙi huɗu samfurin Starfighter sun tashi daga sansanin Nörvenich a Jamus domin gwajin wasan da za su nuna washegari a bikin rundunar da ke sansanin. Kyaftin Jon Speer, malami Ba'amurke, shi ne a gaba, sai Jamusawa uku, Bernd Kuebart da Heinz Frye da Wolf von Stürmer, suna manne da shi. Sun shiga gajimare suna cikin juyi, suka fito kansu a ƙasa, babu sauran tazarar da za su ɗago, duka huɗun suka faɗi a yankin haƙar kwal kusa da Knapsack. Babu wanda ya tsira. Tun daga nan sojan saman Jamus ya daina kafa ayarin wasan jiragen yaƙi.

Ranka ya daɗe, wanda bai taɓa tashi a jere ba zai yi mamakin yadda ƙwararru huɗu za su mutu a daƙiƙa ɗaya. Mu mun san dalili. Matuƙin da ke gefe ba ya kallon ƙasa, ba ya kallon agogunan gabansa, idonsa yana kan fiffiken na gaba kaɗai, haka aka koya masa, kuma haka ne daidai. Mutum ukun nan sun riƙe amanar horonsu har ƙarshe, shi ya sa duk lokacin da na tuna da su zuciyata takan karaya.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ɗaci. Jamus ta mallaki Starfighter 916, ta yi asarar 292, matuƙa 116 suka rasu, har jama'a suka riƙa kiransa jirgi mai mayar da mata zawarawa. An ƙera shi da 'yan gajerun fikafikai domin ya ninka gudun sauti a can sama, sai aka ɗora masa aikin kai bama-bamai ƙasa-ƙasa, yawancin matuƙansa kuwa sun koyi tuƙi a sararin Arizona mai haske, suka dawo hazo da gajimaren Turai. Da Janar Johannes Steinhoff ya karɓi ragamar sojan saman Jamus a 1966 ya dakatar da tashin jiragen na ɗan lokaci, aka gyara horo da kula da injina, aka sa kujerun tsira masu cillo matuƙi waje, na kamfanin Martin-Baker, haɗurra suka ragu. A ganina wannan ne babban aikin da ya yi wa ƙasarsa.

Mu ma mun ɗanɗana. A watan Oktoba na 1969 shugaban rundunarmu, Kanar Shittu Alao, ya rasu a jirgin L-29 a Uzebba, yana tuƙi shi kaɗai.

Roƙonmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Gobe za ka gana da samarin da ke koyon tuƙi a garin nan, to ka ba su labarin Nörvenich da bakinka, ka bayyana musu yadda kuka riƙa binciken haɗari ba tare da rufa-rufa ba. Yanzu ina roƙon jama'a mu miƙe tsaye, mu yi shiru na minti ɗaya domin waɗannan mamata, sannan babban baƙo ya yi mana jawabi.