Mancesta Ta Rubuta Sunayen Mutum 22, Ina Sunayen Namu Na Goronyo?

Assalamu alaikum 'yan uwana Sakkwatawa, na cikin Birnin Shehu da na ƙauyuka, da waɗanda neman ilimi ko neman abinci ya watsa duniya irina. Ina fata kun wuni lafiya. Yau ba kasuwa zan kai ku ba, ba kuma zancen tsadar haya za mu yi ba. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, haka Mancesta take, hadari ba ya nisa da ita.

Wanga gini da ke bayana tashar jirgin ƙasa ce, Victoria. Manne da ita akwai katafaren ɗakin taro, wanda a 2017 ake kira Manchester Arena. Ranar Litinin 22 ga Mayu 2017, ƙarfe goma da minti 31 na dare, an tashi daga wasan mawaƙiyar Amurka Ariana Grande, mutum kusan dubu 14 suna fitowa, da yawansu yara mata. Iyaye na tsaye a zauren da ke haɗa ɗakin da tashar suna jiran ɗiyansu. Nan wani matashi ɗan shekara 22, Salman Abedi, haifaffen garin nan ɗan asalin Libiya, ya tayar da bam ɗin da ya goyo cikin jaka. Mutum 22 suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni. Ƙaramarsu, Saffie-Rose Roussos, shekararta 8. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lokacin ina ɗalibi, ina zaune Cheetham Hill, unguwar da za ka iya takowa da ƙafa zuwa nan. Abin da idona ya gani zan fara da shi. An rufe tasha, an rufe hanyoyi, yara na yawo cikin dare, wasu ba takalmi, ba su san inda iyayensu suke ba. Direbobin tasi suka kashe mita suna kwasar mutane kyauta, kuma da yawansu Musulmi ne 'yan asalin Fakistan, waɗanda muke haɗa sahu da su. Masu gidaje suka riƙa sanarwa ta Twitter cewa ga ɗaki, ga shayi, ga wurin cajin waya. Otal-otal suka karɓi mutanen da suka rasa wurin zuwa. Mabiya addinin Sikh suka buɗe wuraren ibadarsu suna raba abinci. Gari na wayewa layi ya miƙe a cibiyoyin ba da jini, har hukuma ta ce jinin da ke ƙasa ya isa, a rubuta suna a dawo daga baya. Asusun taimako da aka buɗe ya tara sama da fam miliyan 20.

Mu Musulmi kam kwanakin sun yi mana nauyi. A Oldham, nan kusa, sa'o'i kaɗan bayan harin aka cinna wa ƙofar wani masallaci wuta. Mata masu hijabi da yawa sun taƙaita fita. Azumi ya kama kwana biyar bayan abin, muna zuwa tarawihi muna waiwaye. Amma a taron da aka yi dandalin Albert Square washegarin harin, limamai sun tsaya tare da fada-fada da shugabannin sauran addinai, kuma wannan ya rage zafin gari ƙwarai.

To, zan gaya muku gaskiya, duk wannan bai ba ni mamaki ba. Mu ma haka muke. Wa ya manta 30 ga Yuli 2012, cikin azumi, da ɗan ƙunar baƙin wake ya afka wa ofishin 'yan sanda na shiyya ta 10 a Marina? Kowa ya san halin Basakkwace in abu ya faru. Ɗan kabu-kabu zai ɗauki mai rauni bai tambayi ko sisi ba. Kafin a ce me, an wanke gawa, an kawo likkafani, an cika sahu. Maƙwabta su ɗora tukunya kwana uku. Wajen tausayi da zumunci babu abin da Bature zai koya mana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ya biyo baya, bayan an share hawaye.

Bari in juya kyamara. Mun iso. Wanga lambu sunansa Glade of Light, yana gefen babban cocin gari, an buɗe shi a 2022. Kun ga zoben farin dutsen can? Sunayen mutum 22 ne a jikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Kada wani ya ce na zo da bidi'a. Ban ce mu gina irinsa ba, ban ce mu kai furanni ba, addininmu ya nuna mana addu'a da sadaka, sun ishe mu. Maganata a kan sunayen ce. Garin nan ya ƙi yarda mutanensa su koma lamba.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Sir John Saunders, ya fara zama a Satumban 2020. Kafin a saurari ɗan sanda ko jami'in leƙen asiri, iyalai aka fara ba dama. Kowane gida ya zo ya faɗi wane ne nasa, mi yake so, mi yake burin zama. Daga nan aka shiga tambayoyi, kuma amsoshin ba su yi wa hukuma daɗi ba. Ya tabbata cewa wani mutum ya ga Abedi da jakarsa, hankalinsa bai kwanta ba, ya gaya wa mai gadi, ba a yi abin da ya dace ba. Ya tabbata cewa 'yan kwana-kwana ba su iso ba sai bayan sama da awa biyu. Ma'aikatan motar asibiti uku kacal suka shiga zauren. Da allunan talla da ƙarafan shinge aka riƙa fito da masu rauni. Wani matashi, John Atkinson, wani bawan Allah da bai san shi ba ya ɗaure masa ƙafa da bel, ya riƙe kusan awa guda, amma ya cika, kuma binciken ya ce da an kai masa ɗauki da wuri da wataƙila ya rayu. A Maris 2023 rahoto na uku ya ce hukumar leƙen asiri ta MI5 ta bar wata babbar dama ta wuce. Shugabanta ya fito ya nemi gafara a bainar jama'a.

Ga kuma uwa guda, Figen Murray, wadda ɗanta Martyn Hett yana cikin mamatan. Baiwar Allah nan ba ta da muƙami, ba ta da jam'iyya. Shekaru ta yi tana bin 'yan majalisa. A Mayun 2024 ta taka da ƙafa mil 200 daga ɗakin taron da aka kai harin har ofishin firaminista a Landan. Ranar 3 ga Afrilu 2025 aka sa wa dokar da ake kira da sunan ɗanta hannu: duk wurin da ke tara mutum 200 ko fiye, dole masu shi su kasance da tsarin abin da za a yi in an kawo hari.

Yanzu mu koma gida. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021, ranar kasuwar Goronyo, 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masu saye da sayarwa. Gwamnatin jiha ta ce mutum 43. Kusan ninki biyu na Mancesta ke nan. Lokacin an katse layukan waya a yankin, wanda ke son neman ɗauki ma ba shi da hanyar kira. Watan Disamba na shekarar, a hanyar Sabon Birni kusa da Gidan Bawa, aka tare motar matafiya aka banka mata wuta da mutane ciki, 'yan sanda suka ce 23. Matasa sun fito zanga-zanga a Kano da Abuja da wasu biranen Arewa, Allah ya saka musu. Amma ku tambayi kanku tsakani da Allah, in ba danginsu ba, wa zai iya kawo sunan mutum uku cikin 43 ɗin nan? Marayun da suka bari, suna makaranta ko suna bara a Gawon Nama? Waɗanda suka tsallaka Maraɗi gudun hijira, wa ke riƙe da lissafinsu?

Na san za a ce ai Ingila daban, su hari guda ne, mu kullum ne. Gaskiya ne, kuma wallahi shi ya fi ci mini rai. Yawan mutuwa ya sa mun fara sabawa. Sai a ce "an kashe mutane a gabas", a ce Allah ya kyauta, a ci gaba da shan fura. Imani da ƙaddara wajibi ne, ba na wasa da shi. Sai dai ƙaddara ba ta taɓa hana tambaya ba: ina jami'an tsaro suke, awa nawa aka yi kafin su zo, wa aka gaya wa bai motsa ba? Mu fa jikokin mutanen rubutu ne. Har yau malamanmu na karantar da cewa a yaƙin Tsuntsuwa, zamanin Shehu, mahaddata Alƙur'ani kusan 200 suka yi shahada. Da alƙalami da tawada aka riƙe wannan sama da shekara 200. Ga gidan adana tarihi na Waziri Junaidu nan cikin gari. Mu da muke da waya a kowane aljihu mun kasa rubuta na shekarun jiya.

Abin da nake roƙo bai buƙatar kwangila. Liman da mai unguwa da hakimi sun san kowa. A sami littafi a kowace gunduma: suna, shekaru, sana'a, ranar da abin ya faru, mata da ɗiyan da ya bari. Da wanga littafi ake raba zakka ta isa inda ya kamata, da shi kuma ake zuwa gaban ɗan majalisa a ce ga mutanenmu, mi ka yi? Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, 'yan Isa da Sabon Birni da Rabah da Tangaza, wannan aikinku ne lokacin hutu.

Sai maganar jini. A gida sai mara lafiya na kwance ake cewa dangi su nemo mai ba da jini. Ƙungiyoyin matasan Mabera, Runjin Sambo, Arkilla, ku tara sunaye da rukunin jinin kowa tun lafiya lau, ku miƙa wa asibitin koyarwa da asibitin ƙwararru. 'Yan agajin masallatai kuma, da 'yan kabu-kabu da direbobin tasha, su ne ke fara isa wurin kafin kowa. A koya musu tsayar da jini: a danne rauni da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada a ɗaga ana leƙawa, in hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa a ɗaure sama da raunin tamau, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita.

Na yi magana da wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya a garin nan, ta yarda za ta nuna mana yadda ake ɗaurin da rawani ko ɗankwali, da Hausa, a bidiyo na gaba. In ya fito ku tura wa shugaban 'yan agajin masallacinku da shugaban tashar ku. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Sakkwato. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.