Darasin Yau: Bincikenka Yana Cikin Littafin Awon Safe

Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau da ku nake, sababbin shiga aikin fiziks a sashen gashin ciwon daji. Tambayar da kuka fi yi mini ita ce, "Malam, a kan me zan yi bincike, alhali injinmu ɗaya tal, shi ma yau lafiya gobe sai a hankali?"

To ku matso. Kun ga littafin nan da gefensa ya naɗe? A cikinsa ake rubuta awon ƙarfin gashin da injin ke fitarwa kowace safiya kafin a shigo da majinyacin farko. Ɗauko na wata 12, ka zuba a Excel, kwanan wata a kwance, awo a tsaye. In injinku na kobalt-60 ne, dole layin ya yi ta gangarowa, domin rabin ƙarfinsa yana tafiya duk shekara 5.27, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari a wata. In linak ne, wato injin da ke samar da gashi da wutar lantarki, ba shi da wannan uzurin. Duk inda layi ya kauce daga yadda ya kamata, ka samu tambaya. Amma kada ka yi saurin ɗora wa inji laifi.

Bari in nuna muku dalili. Wannan ɗan abin mai kamar biro shi ne cembar Farmer, da ita ake auna gashin da inji ke fitarwa. Iska ce a cikinta, kuma a buɗe take, saboda haka zafi da matsin iskar ɗaki suna taɓa abin da take karantawa. Ƙa'idar TRS-398, wadda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a 2000, tana mayar da awo kan zafin digiri 20 da matsin iska kilofaskal 101.3. Kuskuren digiri 3 a ma'aunin zafi ya isa ya jawo maka kashi ɗaya cikin ɗari.

Na matsin iska ya fi haɗari. Na taɓa ganin wani matashi, barometar ɗaki, wato ma'aunin matsin iska, ta lalace, sai ya zaro waya ya kwafi lambar manhajar yanayi. Ita kuwa wannan lamba an riga an daidaita ta da bakin teku. Kano, Zariya, balle Jos, duk a kan tudu suke, iskarsu ta fi ta Legas sauƙi. A Zariya bambancin yakan haura kashi 5 cikin ɗari, wanda shi ne gaba ɗaya iyakar kuskuren da tun 1976 masana suka ce kada a wuce wajen adadin gashin da ke isa jikin ƙari. Allah Ya sa babbansa ya duba kafin a taɓa inji.

Sai maimaita awo. Ka danna sau biyar ba ka motsa komai ba, lambobi sun zo iri ɗaya, ka ce ka gama? Ina! Wargaza komai. Fitar da cemba, sake sa ta a zurfin santimita 10 cikin ruwa, sake saita faɗin filin gashi santimita 10 sau 10, sannan ka auna. Tazarar da za ka gani yanzu ita ce ta hannunka, kuma ita masu tace maƙala za su fara tambayarka.

Rubuta komai a take, da biro: lambar cemba, ranar da aka gwada ta, wanda ya yi awon, har ɗaukewar wuta. Ka kuma tambaya ko sashenku yana cikin shirin tantance awo ta gidan waya da hukumar nukiliyar nan take yi da Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1969. In kuwa za ka taɓa fayil ɗin majinyata, sai da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti tukuna.

Aikin gida: kowa ya zana layin wata 12 na injinsu, ya zagaye ranakun da suka fi kaucewa, ya nemo abin da ya faru a ranakun. Mako mai zuwa da shi za mu fara. Sai an jima.